Bindigar da Ba a Harba Ba

Ƙarshen damina ne, ana karyar masara a Yolde Kohi, amma babu mai murnar amfanin gona a shekarar. Mutanen arewacin jiharmu suna ta kwararowa Yola da tabarmi a ka, wasu a kai su sansanin gudun hijira na Malkohi, wasu su raɓe a gidajen dangi. Ni ma iyali biyu suka sauka a tsakar gidana.

Maigidana manomi ne, da rani yana farauta. Da aka ce maharba za su tafi su taya sojoji ƙwato garuruwan da 'yan bindiga suka kama, bai yi mini dogon bayani ba. Ya zauna bakin rumbu ya ɗura bindigarsa ta gargajiya, ya ce in kula da irin masara kada ƙwari su shiga. Maharbi ba ya ban kwana. Ƙuli-ƙuli kawai na zuba masa a jaka.

Da sanyi ya shigo maharban suka fara dawowa. Shi bai dawo ba. Bappa, tsohon maharbin da ya koya masa harbi, shi ya kawo mini bindigar. Ya ce a bakin wani rafi suka tsince ta, jingine da itace, da ɗurinta a ciki. Babu wanda ya ga mai ita, a raye ko a mace.

A al'adar maharban unguwarmu, idan ɗayansu ya rasu a daji, ana kawo bindigarsa ƙofar gida a harba ta sama. Ƙarar nan ce sanarwa, daga nan matarsa ta shiga takaba. Bappa bai harba ba.

"Ban ga gawa ba, 'yata," in ji shi. "Ki ajiye masa kayansa."

Na ajiye ta bayan ƙofa. Shekaru suka wuce, yara suka girma, ina goge ta da man gyaɗa kamar yadda na ga yana yi. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofarmu sai na ɗaga kai.

Sai Jauro, mai unguwarmu, ya aiko cewa gwamnati ta ce kowa ya miƙa bindigarsa. Maƙwabciyata, malamar firamare 'yar kudancin Adamawa, ta yi ta faɗa ta kan katanga: ranar da masu kaki suka ja baya, wa ya tsaya in ba irin su maigidana ba? Yau kuma su ne abin tsoro? Gaskiya ta faɗa, amma ni ba nan damuwata take ba. An ce ba a karɓar bindiga da ɗuri, sai an harba ta a filin Jauro. Ni kuma na san abin da ƙarar za ta gaya wa unguwa.

Na je wa Bappa, na roƙe shi ya fitar da ɗurin ba tare da harbi ba. Ya ce aikin wahala ne, kuma na fi bindigar taurin kai. Amma ya zo da la'asar da wata waya mai ƙugiya. A hankali ya zaro tsumman da aka toshe bindigar da shi, wani yanki ne na tsohon zanena, na gane furensa. Sannan ƙarafa, sannan albarushi, ya dunƙule kamar daddawa.

"Danshi ya cinye shi. Ko mun harba, da ba ta tashi ba."

"To, kun gani, Bappa," na ce. "Ita ma ba ta yarda ba."

Washegari da safe na naɗe bindigar a tabarma na kai wa Jauro. Da na dawo, na shanya albarushin a faifai ya sha rana, na juye shi a kwalba tare da tsumman, na ajiye kusa da irin masara.