Kujeru Uku na Kwanar Ɗorawa

Jama'a, daren jiya na yi wani mafarki da ya kumbura mini kai, yau da safe da ƙyar kallabina ya ɗauru. Amma bari in fara gaya muku abin da ke ƙasa, saboda waɗanda ba 'yan wajenmu ba.

Ƙauyenmu Kwanar Ɗorawa a tsakiyar hanya yake, tsakanin Rafin Kuka inda motoci ke tasowa da hedkwatar ƙaramar hukuma inda makarantarmu take. Kun san dokar tasha, mota ba ta tashi sai ta cika. To kafin ta iso wajenmu ko allura ba za ta samu wurin zama ba. Mu ɗaga hannu, direba ya ɗaga mana, kai ka ce gaisuwa muka fito yi. Da ƙafa nake zuwa makaranta. Da mu biyu ne da ƙawata Rabi, ta gaji ta daina. Baba ya ce in zangon nan ya ƙare babu mota, ni ma sai in haƙura, ba zai bar 'yarsa tana ratsa daji ita kaɗai ba. Ranar Alhamis kuma kwamitin da ke tsara sababbin motocin haya na ƙaramar hukuma zai zauna jin ra'ayin jama'a, Malama Binta ta zaɓe ni in yi magana da yawun ɗalibai. Wai tunda Allah Ya ba ni baki, a more shi.

To ga mafarkin.

Na gan ni a zauren taron, amma zauren ba shi da rufi, ƙasansa kuma yashi ne mai sanyi irin na rafi. Manya sun cika maƙil, huluna kamar a kasuwa. Na shiga neman lungun da zan raɓe, sai kawai na ji ni a kan kujerar shugaba. Ƙafafuna ba su kai ƙasa ba, aka kifa mini kwando na taka. Wani mai babbar riga yana yi mini fifita, yana ta faɗin "Ranki ya daɗe." Ban hana shi ba.

Aka shimfiɗa taswirar ƙaramar hukuma, faɗinta ya kai tabarmar masallacin Juma'a. Na duba sama, na duba ƙasa, babu Kwanar Ɗorawa. Layi ne kawai ya taso daga Rafin Kuka ya zarce. Na ce, "Ina garinmu?" Sai na dangwala yatsa a tsakiyar layin. Sai kawai bishiyar ɗorawarmu ta tsiro daga cikin takardar, da inuwarta da komai, har da akuyar Inna a ɗaure a gindinta tana tuƙa. Magatakarda ya gyara tabarau, ya rubuta akuyar a cikin mahalarta taro.

Na gyara murya na ce daga yau kowace mota ta bar kujeru uku babu kowa in za ta tashi daga tasha, saboda mu mutanen tsakiyar hanya. Muryata ta fito da kauri kamar ta mai karanta labarai a rediyo, ni kaina sai da na waiga.

Nan direbobi suka taso. A gabansu Kawu Sale ne, ƙanen Inna, wanda shi ne babba a cikin direbobin Rafin Kuka. A mafarkin tsawonsa ya wuce katangar zauren, sai ya sunkuyo yake magana. Ya ce, "Ke Uwar Surutu, yaushe na gama share miki majina? Mota ta tashi da kujera uku fayau? In mutanen tasha suka ga wuri, da me zan hana su zama? Da tsawa ko da addu'a?" Direbobi suka kwashe da dariya, dariyar tana fitowa kamar hon.

Mai fifita ma ya daina. Sai kawai na tuna da mutanen nan na tasha. Kun san su ai, waɗanda ba sa zuwa ko'ina, sai su shiga mota su zauna su haɗe rai kamar masu doguwar tafiya, don fasinja ya zaci ta kusa cika ya shigo. Da an samu mutane sai su zame ɗaya bayan ɗaya, wai za su kama ruwa. Na ce, "Kawu, a kira mini masu zaman cika mota."

Sai ga su sun shigo a layi, kowa da ledarsa babu komai a ciki. Na ce, "Ku bayin Allah, shekara da shekaru kuna zama a mota ba ta taɓa kai ku ko'ina ba. Daga yau za ku yi tafiya. Mutum uku a kowace mota, ku riƙe mana kujeru har Kwanar Ɗorawa, ku sauka mu hau. Motar da ke komawa ta mayar da ku." Wani tsoho a cikinsu ya fashe da kuka, ya ce shi tun yana saurayi yake sauka kafin a tayar da inji, bai taɓa sanin abin da ke bayan kwanar gidan mai ba.

Sai kawai tafi ya ɓarke, har yashin ƙasa yana tsalle. Mata suka rangaɗa guɗa. Malama Binta tana gaya wa kowa ita ta koya mini, alhali jiya-jiya ta fitar da ni daga aji saboda hira. Aka ɗaga ni sama da kujerar da kwandon gaba ɗaya. Daga can na hango duk ƙauyukan da ke bakin hanya, kowanne da mutanensa a tsaye, masu kwandon tumatir, masu goyo, masu zuwa asibiti, duk sun sauke hannuwansu suna kallona. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, ko ranar da na zo ta tara a aji.

Sai kawai babu zaure, babu taro. Ina tsaye a gindin ɗorawa da safe cikin kayan makaranta, Rabi tana gefena da jakarta. Ga mota ta taho, sabuwa fil, koriya. Ban ɗaga hannu ba, ita da kanta ta rage gudu ta tsaya. Mutum uku suka sauko suna gyara riguna, tsohon nan yana ta kallon gonakinmu kamar ya zo Makka. Rabi ta shige ciki. Na ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala, na leƙa, ashe Kawu ne a sitiyari, ya dawo daidai tsawonsa. Na ce, "Kawu, ka yarda ke nan?" Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Hannunsa yana kan giya, yana kallona ta madubi. Na sake tambaya. Ƙafata ɗaya a mota, ɗaya a ƙasa.

A haka na farka, ƙafata ɗaya a sama, Inna tana tsaye a kaina tana tambaya ko keke nake tuƙawa.

Yanzu masu fassara, ku taimaka mini, don Alhamis jibi ce, kuma Kawu zai zauna a sahun gaba. Maganar kujeru uku tana cikin takardar jawabin da zan karanta, na goge ta sau biyu na sake rubutawa. Shirun nan da ya yi, yarda ce ko kashedi? Kuma mutumin da ya ga kansa ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa, shiga zai yi ko sauka?