Baƙon da Aka Ce Mu Ɓoye

Gidanmu na Zango gidan baƙi ne tun kafin a haife ni. Babana mai masauki ne, sana'ar da ya gada ke nan. Direbobi da fatake daga Maraɗi da Damagaram su sauka a wurinsa, ya ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu in wata magana ta taso. Ni kuwa lakwal na bi, wato makarantar boko, na zama malamar firamare a nan Wagadugu, na shiga ƙungiyar malamai da muke ce wa sandika. Baba bai taɓa ganin amfanin sandika ba. A wurinsa taron masu hayaniya da yajin aiki ne, ya kuma ce na dace da su, tunda tun ina ƙarama bakina ba ya mutuwa.

Wata Alhamis bayan taro, sakataren sandikarmu ya ja ni gefe. Ya ce akwai wani malami daga wata ƙasa da ke kudu da mu, ɗan sandikar malaman can. An kama ɗalibansa a wajen zanga-zanga, shi kuma ya miƙe a gaban jama'a ya ce a saki yaran ko a kai su gaban alƙali. Washegari aka kwashe abokan aikinsa, shi ya sha da ƙyar. Sandikarsu ta roƙi tamu ta riƙe shi har abin ya lafa.

"Kamarad, gidanku kullum cike yake, ba mai lura da ƙarin mutum guda," in ji sakataren. "Amma fa shiru. In aka san inda yake, suna iya biyo shi har nan su ɗauke shi."

Na ji kaina ya kumbura. Shekaru ina rubuta haƙƙin ɗan Adam a jikin kwali ina ɗagawa a rana, yau ga ɗan Adam ɗin an damƙa mini. Na goyo shi a bayan mobilet, ɗan babur ɗina, da tsakar rana. Siriri ne, Kirista, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Mosanci, sai Faransanci da yarensu. Na kai shi ɗakin baya inda ake jibge buhunan fatake, na ce wa Baba baƙon sandika ne, kada kowa ya ji. Baba ya dube ni ya ce, "To, madam." In ya ce mini madam, na san dariya yake yi mini.

Baƙon ya shiga ɗaki ya zauna. Kwanon tuwo ya shiga, ya fito kamar yadda ya shiga. In babbar mota ta tsaya a ƙofar gida sai in ji ya zabura, ga shi gidanmu mota ba ta daina tsayawa. Inna ta ce, "Wanga bawan Allah zai mutu muna a ɗaki." Na ce ta yi haƙuri, haka tsarin yake. Ni ma abin yana damuna, amma ba ni da wata dabara da ta wuce rufe ƙofa.

Ran Asabar na dawo daga lakwal na tarar da ɗakin a buɗe, ba kowa. Inna tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Sun tai gaisuwa da babanki."

Na fita kamar mahaukaciya. A teburin mai shayi na same su. Baƙon yana sanye da babbar rigar Baba tana jan ƙasa, Baba yana riƙe da ƙunshin goro a ganye. Ashe sun riga sun je wurin sarkin Zango, sun je wurin liman, sun bi ta rumfar mahauta, har tsohuwa mai ƙosai ba su bari ba. Ko'ina Baba ya miƙa goro ya ce, "Baƙona ne." Shi kuwa baƙon yana tauna goro yana yamutsa fuska, yana gaida mutane da kai.

Na daure har muka shiga gida, sannan na fashe. "Baba, kun kashe shi! An ce a ɓoye mutum, kun zagaya da shi kamar ango!"

Baba ya bari na gama tsaf. Ya ce, "Ke, lakwal ta cika miki kai. A Zango wa aka ɓoyewa in ba ɓarawo ba? Tun ranar da kika kawo shi mutane suna tambayata mi ni ka ɓoyo a ɗakin baya. Wanda ba a sani ba, in an zo an ja shi, wa zai ce uffan? Wanga kuwa an ci goronai, ya zama na unguwa."

Da sakatare ya ji labari sai ya dafe kai. Ya ce a mayar da baƙon unguwar Tangin, gidan wani kamarad ɗan sandikarmu. Baƙon ya ƙi. Ya ce ranar ce ya fara cin abinci ya ji ɗanɗanonsa, a bar shi inda yake.

Daga nan gidan ya yi daɗi. Direbobi suka ji malami ne, suka ce ya koya musu Faransancin da za su kare kansu a shingen hanya. Aka samo katako aka shafa masa baƙin fenti, zaurenmu ya zama aji. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin lakwal. Ina dawowa daga nawa ajin in ji ƙattai masu gemu suna maimaita baƙaƙe a bayansa, Baba yana gefe yana gyara musu abin da shi ma bai iya ba. Mushe ya yi kumatu, ya koyi cin fura, ya koyi yi wa Inna tsiya a kan yawan barkono.

Ana nan, wata rana bayan la'asar, wasu mutum biyu suka shigo unguwa, tsaf da su, Faransancinsu irin na Mushe. Suka tambayi mai shayi, suka faɗi sunan Mushe na gaskiya. Mai shayi ya ce nan ba a san baƙo da sunansa ba, da mai masaukinsa ake saninsa, ya nuna musu ƙofarmu. Da na gan su na ce a raina shi ke nan, goron Baba ya jawo mana.

Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo zomkom, ruwan garin geron da ake tarbar baƙo da shi a garin nan. Ya kira ni in yi tafinta. Ya ja gaisuwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya sake komawa kan gajiya. Kafin ya gama, ƙofar gida ta cika. Direbobi, mahauta da wuƙaƙensu a ɗamara, liman da carbinsa, tsohuwa mai ƙosai, duk suka zo suka zauna.

Sannan Baba ya ce, "Ku kuma baƙin wa ne?" Suka ce ba su da mai masauki, abokinsu kawai suke nema. Baba ya ce, "Ai ba a haka. Baƙona yana nan, kowa ya san yana nan. Ku tai ku zo da mai masaukinku, ni da shi mu zamna. Mai son ganinsa, ta kaina zai bi."

Na juya maganar da Faransanci. Suka dubi Baba, suka dubi jama'a, suka ajiye kofunan da saura a ciki suka tashi. Ba su dawo ba, kuma har yau ban san ko su wane ne ba.

Sandika ma ta yi nata. Mun yi maci, malaman wasu ƙasashe suka yi ta ɗaga murya, har aka saki abokan aikinsa. Ranar da na kawo labarin, Baba ya ce, "Ashe sandikar taku masauki ce. Karɓar baƙo ne dai ba ku iya ba." Bayan damina Mushe ya koma gida.

Daga baya aka rushe Zango, aka watsa mu bayan gari, Baba kuma bai daɗe ba bayan haka. Shekaru suka wuce, sandika ta tura ni taron malamai a ƙasar Mushe. Ya tarye ni a tasha, kansa fari fat. Ni wanka da barci nake so, amma ya ce sam. Matarsa ta miƙo masa ƙunshin goro, ya sa ni gaba gida-gida. A kowace ƙofa ya yi bayani da yarensu, sannan ya juyo ya faɗa da Hausa don in ji: "Ɗiyar mai masaukina ce."

Ashe duk sun san Baba ta bakin Mushe. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana tambayar lafiyarsa. Na ce ya rasu, gidan ma babu shi. Ta fita ta kira maƙwabta, suka zo suka zauna kewaye da ni kamar jiya aka yi rasuwar. Na yi kuka, amma raina fari ƙal. Ni da ba na cin goro, ranar na ci har haƙorana suka yi ja.