Goggo Sauda da Taurarin da Suka Daina Haihuwa

Shekara talatin Goggo Sauda tana yi wa masu fura surfe da shiƙar gero a Ƙofar Wambai. Da turmi da faifai ta raini 'ya'ya biyar. Huɗu sun watse, wani Legas, wani Fatakwal, sai auta Humaira ta rage mata a gida.

Humaira ɗalibata ce a jami'a. Ta samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje kan ilimin taurari, uwar kuwa ta ce sai an faɗa mata abin da za a je karantawa. Ni, da digirina uku da bakina mai yawa, na zura babbar riga na ce a bar min tsohuwa.

Na same ta da hantsi tana bakace. Bayan gaisuwa na gyara murya.

"Goggo, a sama akwai taron taurari mai naɗi kamar gammo. Cikinsu akwai wata iska mai sanyi, daga ita sababbin taurari ke fitowa. Idan taron ya kutsa cikin iska mai zafi da ke tsakaninsa da 'yan'uwansa, sai mai zafin ta kwashe masa tasa mai sanyin, taurarin su tsaya a wurinsu."

Don in burge ta, na karɓi faifan zan gwada mata. Hannun da bai san komai ba sai alli. Juyi ɗaya na yi, rabin geron ya bi ƙasa, ƙaiƙayi ya cika min gemu da hula. Kaji suka taho suna yi min godiya.

"Kin gani?" na ce ina tari. "Ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ta zauna."

Ta durƙusa tana tsince geronta, ba ta ko dube ni ba.

"Malam, bayan an kwashe iskar, ana sake samun sababbin?"

"A'a. Tsofaffin ne ke zama har su dushe."

"To ai ba ƙaiƙayi aka kwashe ba. Iri ne."

Shekara goma sha biyu ina koyar da darasin nan, ban taɓa jin kunyarsa ba sai ranar. Na rasa inda zan sa babbar rigata.

Ta karkaɗe zaninta, ta kalli ƙofar ɗakin Humaira.

"Na yarda ta tafi, Allah Ya tsare. Amma idan za ka gaya wa yara, ka gaya musu daidai."