Kwaɗon Munshi Ditta

A ƙofar kotun birnin Multan na shaƙe wuyan rigar Munshi Ditta, har keken rubutunsa ya kusa kifewa kan mai shayi.

"Yaya Sughran, sake ni, mutane na kallo!"

"Su kalla, butulu! Nonon uwata ka sha, yau ka tofar."

Ditta maraya ne, a bayan uwata ya girma. Karatunsa bai yi nisa ba, amma ya tsinci Turancin lauyoyi kamar kaza a gindin turmi. Ya kafa tebur ƙarƙashin darbejiya yana buga wa mutane takardun gona da na rantsuwa, shi ya sa ake ce masa Munshi, wato marubuci. Akwai wata kalmar Turanci da yake ji da ita kamar ɗan fari, doguwa, sai ya murɗe baki kafin ta fito. Wai ma'anarta an yi ke nan, ba warwarewa. A takardar kyauta ake sa ta, da ta wakilci, da ta barin gado.

"Kwaɗo ne, Yaya," in ji shi, "wanda aka jefa mabuɗinsa a kogi."

Da babanmu ya rasu, ƙannena maza suka zo da sabon mayafi da alewa, in bar musu rabona na gonar mangwaro. Kowace mace a wajenmu tana bari, don ƙofar gidan ubanta ta zauna a buɗe. Na yarda, amma na ce wa Ditta ya rubuta aro ne, in mijina ya riga ni, gonata ta dawo. Ya ce an gama. Shi ya kama babban yatsana ya dangwala.

Mijina ya rasu. Na koma na tarar an sare mangwaron, ana gasa bulo a wurin. Na kai ƙara, alƙali ya ɗora alƙalami kan kalmar nan ya girgiza kai. Ranar ce na shaƙe Ditta.

"Ƙannenki suka ce in sa," ya ce. "Kuma takarda ba ta yin kyau in babu ita."

Daga baya idonsa ya gaza, masu kwamfuta suka ƙwace masa aiki. Bara da zai tafi Hajji, yana bin gidaje neman gafara, ya same ni a gidan mijin 'yata ina tsince shinkafa.

"Yaya, ki yafe mini."

"Ban yafe ba, Munshi. Je ka buga hakan, ka sa masa kwaɗon nan naka. Ga yatsana."