Kiran da Ya Fito daga Lasifikar Ɗakin Inna

Jama'a, assalamu alaikum. Abin nan da zan ba ku, wallahi tallahi ba a bakin wata na ji shi ba, a tsakar gidana ya faru, nan Dakoro, shekarun baya. Ni matar gida ce, karatuna a koleji ya tsaya. Maigidana fataucin dabbobi yake yi, yau yana kasuwar Adjekoria, gobe ya yi arewa wajen Tagriss, sai ya yi kwanaki ban sa shi a ido ba. Gidan daga ni sai ɗiyata ta fari, Ummi, wadda a lokacin ko lakwal, wato makarantar boko, ba ta shiga ba, sai mahaifiyarsa da muke kira Inna.

Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ba sa aiki, magana ma da nauyi take fita. Ɗakinta can ƙuryar gida yake, kuma ta rantse ba mai raba ta da shi domin nan ta zauna da marigayi mijinta, madafa kuwa tana kusa da zaure. Wata rana ina daka, ashe ta zame daga gado tana neman buta, ta yi ta kira ban ji ba, na je na tarar da ita kife a ƙasa, leɓe ya fashe, ƙudaje na bin ta. Ranar na yi kuka kamar raina zai fita. Na ce wa maigidan ko ya nemo mini hanyar da zan riƙa jin Inna daga ko'ina a gidan nan, ko kuwa in daina girki in tare a ɗakinta, kowa ya ci iska.

Da ya je Maraɗi sai ya kira ni ta bidiyo daga wani shagon kayan sauti, ya ce tunda ni ce mai gidan da rana, ni zan zaɓa. Mai shagon ya fara jawo wasu manyan lasifikoki, kowace ta kai turmi.

"Hajiya, wanga in kika kunna shi, har awakin maƙwabta sai sun taka."

Na ce masa, "Malam, ba gidan biki zan buɗe ba. Kuma wannan tulin waya da na gani, ɓerayen gidanmu kafin sati sun yi tuwo da ita."

Ya nuna wata ƙarama da ake haɗawa da tarho, amma ita guda ce, in ka matsa da tarhon daga ɗaki sai ta yanke. Na ce ba ta yi ba. Maigidan har ya fara ƙosawa, yana cewa Maman Ummi, ko sa zan saya ai da na gama ciniki. Sai mai shagon ya duƙa ya zaro wasu guda uku daga ƙarƙashin kanta, kowace kamar gwangwanin madara, ba kwali, ya ce na hannu ne, cikin kayan da ake saukowa da su daga arewa suka zo. Ba waya ko ɗaya, wani ɗan akwati ke haɗa su, suna da batir ko an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, in ka sa karatu duk ɗakunan za su ɗauka tare, sannan akwai maɓalli a kan kowace, in ka danna ka yi magana sai a ji ka a sauran. Ina jin zancen maɓallin nan na ce shi ke nan, su nake so. Ban tambayi gidan wa suka fito ba, ban ma yi tunanin tambaya ba.

Aka ajiye ɗaya a madafa, ɗaya a ɗakina, ɗaya a kan akwatin da ke gefen gadon Inna, daidai hannunta mai lafiya. Kai, mun ji daɗinsu. Da hantsi in sa karatun Alƙur'ani, gidan duk ya ɗauka. Inna ta mai da maɓallin nan abin wasa, ina tsakiyar tuƙa tuwo sai in ji, "Ɗiyar nan, miyar jiya gishirinta na sadaka ne?" Ni ma in ina son Ummi, ba na ɗaga murya, dannawa nake in ce Ummi zo, sai ga ta a guje. Yarinya ta saba, da ta ji gwangwanin nan ya yi magana sai ta ce na'am.

To, ranar da abin ya faru bazara ce, irin zafin nan da ko kaza ba ta fita inuwa, layya ta matso, maigidan yana arewa sayen raguna. Rana ta take tsaka, an ɗauke kuran tun safe. Na bar Ummi a ɗakin Inna tana wasa da 'yar tsanarta, ni ina madafa ina dama musu fura. Karatun da ke tashi ya tsaya, na ɗauka batir ne, ban damu ba. Na gama, na ɗauko ƙwarya, ina zagayowa sai na hangi Inna a bakin ƙofar ɗakinta, a ƙasa, matar da ko juyawa sai an taimaka mata, ta ja jiki da gwiwar hannu har ta fito rana, kallabi ya faɗi, hannunta damƙe da wani yagaggen ƙyalle. Na duba, bakin rigar Ummi ne.

Ƙwaryar ta suɓuce. Na ce, "Inna! Lafiya? Ina Ummi?"

Tana haki ta ce, "Ba ke ba ce. Na san ba ke ba ce."

"Ba ni ba ce mi, Inna?"

"Muryarki ce ta fito cikin abin nan. Ta ce ta zo ta same ki waje. Amma da sunan yanka ta kira ta."

Ku da kuka san gidajenmu kun gane. Ummi ɗiyar fari ce, kuma sunan Inna aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kaina. Tun ranar da aka raɗa mata suna bakina bai taɓa furta shi ba, ko a asibiti in an tambaya sai in miƙa katinta, ko a nan ma ba zan rubuta muku shi ba. Inna tana jin sunan nan da muryata ta san ba ni ba ce, ta cafko rigar yarinyar, amma yarinya ta riga ta ce na'am, ta fizge tana cewa Mamana na kirana.

Na jingine Inna a inuwa na fita ba mayafi, ba takalmi. Kuma ku sani, duk mai fita gidanmu sai ya bi ta gaban madafa, ƙofarta a buɗe, ban ga giftawar kowa ba. Na faɗa gidan maƙwabciyata Tambara, babu. Na bi layi ina ƙwala kira, Ummi, Ummi, ƙasa na gasa mini ƙafa ban ji ba. Na tambayi mai tebur, na tambayi masu jiran famfo, kowa ya ce bai ga yarinya ba. Ga manyan motocin raguna na ta wucewa, kowace ta gifta sai in ce a raina ko tana ciki. Mata suka fito, wannan ta ce a duba bayan masallaci, waccan ta ce a je wajen jandarma, ni dai Innalillahi kawai nake ja, ina cewa ya Allah in laifina ne Ka kama ni, Ka bar mini yarinyar nan. Na kira maigidan, babu rezo, kira ba ya shiga inda yake. Tambara ta riƙe ni ta ce mu koma gida, wataƙila ta dawo.

Ba ta dawo ba. Amma muna shiga zaure na ji lasifikar madafa tana fitar da wani sauti. Ba karatu ba ne. Iska ce, da kukan raƙumi, da wannan ƙarar ƙi-ƙi-ƙi ta icen da ake ɗora igiyar guga a kai, sannan can ƙasa-ƙasa numfashin yaro da ya gaji da tafiya. Uwa ba ta ɓata numfashin ɗanta. Na ruga ɗakina, tawa na nan. Na ruga ɗakin Inna, tata na nan kan akwati, ita ma sautin take fitarwa. Duka ukun suna gida, to daga ina ake jiyo wannan?

Na sungumo ta Inna na durƙusa gabanta, na danna maɓallin. "Ummi! Ummi, Mamanki ce, kina jina?" Shiru, sai takun ƙafa a yashi. Na sake, na sake, har muryata ta dushe. Takun bai tsaya ba, ƙarar icen gugar sai ƙara kusantowa take.

Sai Inna ta kama mini wuyan hannu. "Ba da wannan ta amsa ba. Kira ta da wanda ta amsa."

Na ce, "Inna, sunanki ne fa."

"Nawa ne, na yafe! Ɗiyarki za ta hallaka kina kunyar tsohuwa? Faɗi!"

Wallahi jama'a, na buɗe baki harshena ya ƙi, kamar an ɗaure shi. Tambara ta ɗaka mini duka a baya ta ce ke, faɗi mana! Na rufe ido, na yi bismilla, na kira sunan surukata a gabanta da iyakar ƙarfina.

Takun ya tsaya. Sai 'yar muryar nan: "Na'am, Mama."

Na ce, "Zauna! Zauna nan inda kike, kar ki ƙara taku ko ɗaya. Mi kike gani?"

"Raƙuma. Da rijiya. Ai kin ce in leƙo ki ciki."

Tambara ta ƙwala salati. Rijiyar makiyaya ce ta bayan gari, kuma duk ɗan Dakoro ya san zurfin rijiyoyinmu, in ka jefa dutse sai ka gaji da jiran ƙararsa. Na ce, "Ba na ciki, ɗiyata, ba na ciki, ki zauna ki riƙe ƙafafunki, ga ni nan zuwa." Na danƙa wa Inna lasifikar na ce ta yi ta yi mata magana. Mijin Tambara ya tada babur, na haye bayansa, abin da ban taɓa yi da namijin da ba nawa ba, ina ta ce masa ya ƙara wuta, yashi na kama taya, sau biyu muna kusan kifewa.

Muka same ta zaune a ƙasa, ta rungume gwiwoyinta, tsakaninta da bakin rijiyar bai fi tsawon tabarma ba. Makiyayan suna can ɗaya gefen suna kora raƙumin da ke jan guga, ba wanda ya lura da ita sai da suka ji ihuna. Wani dattijo cikinsu ya rantse bai ga isowarta ba. Na ɗauke ta ina shafa ta ko'ina. Nisan wurin nan, babba ma sai ya sha ruwa a hanya, ga shi ba takalmi a ƙafarta, amma tafin ƙafar nan sanyi ƙalau, ko ja bai yi ba, nawa kuwa duk ya ɗuri ruwa. Babu komai a hannunta, babu komai a kusa da ita da zai yi magana. Na ce ta ina kika ji ni? Ta nuna kunnenta kawai.

Da muka dawo Inna ta rungume takwararta da hannu guda tana kuka, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita saboda abin da bakina ya faɗa. Maigidan da ya dawo ya kwashe lasifikokin ya fita da su, ban tambaye shi inda ya kai su ba. Aka yi sauka a gidan, aka yi sadaka. Malamin da ya zo bai ce mana ga abin da ya faru ba, ya dai ce mu riƙe azkar. Ni kuma na mai da murhuna ƙofar ɗakin Inna, nan na yi ta girki har Allah Ya karɓi abarSa.

Bayan kwana biyu da faruwar abin ina yi wa Ummi kitso, na lallaba na tambaye ta, wadda ta fara kiranki, ba ki ji ba ni ba ce? Ta ce, "Ke ce mana. Ita ma ke ce. Amma ta farkon ba ta yi mini tsawa ba." Sannan ta waigo ta ce, "Mama, yanzu ku duka biyu kun iya sunana. In an sake kira, wa zan amsa wa?"

Alama guda da ta raba ni da waccan, ni da bakina na rushe ta, kuma da za a maimaita ranar, haka zan sake yi.

'Yan'uwana mata, ban ce kar ku sayi kayan zamani ba, ni ma larura ta sa na saya. Amma duk abin da zai yi magana a ɗakin da ba kya ciki, ki san inda ya fito kafin ki ba shi wuri a gidanki. Kuma ku koya wa yaranku abin da kakanninmu suka sani muka yar: ba a amsa kira sai an ga fuskar mai kiran. Ummi yanzu ta girma, tana koleji, in ina son ta, tashi nake in je har inda take, in tsaya ta gan ni da idonta kafin in buɗe baki. Allah Ya tsare mana zuri'a daga abin da muke gani da wanda ba ma gani.