Ƙahon da na sa aka yi wa Yaya Sale

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Sale makwancinsa a Tsaskiya. Ni ba mai rubutu ba ne, aji huɗu na tsaya, amma maganar ta ƙi barina.

Da hantsi ne, muna noman gero, ya yar da fartanya. Ya ce ƙirjinsa kamar an ɗora masa dutsen niƙa, hannun hagu ya yi nauyi, gumi sharkaf.

"Lawal, tada mashin ka kai ni asibiti Safana."

Na ce, "Haba Yaya, mataccen jini ne. Ana tsaka da aiki?"

Na kira wanzami ya kafa masa ƙaho. Da jinin ya fito baƙi ƙirin har murna na yi, na ce ga cutar nan, muka turbuɗe jinin da ƙasa. Kafin la'asar ya cika. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya faɗa, na fi shi baki.

'Yarsa Hadiza yanzu aikin gwajin jini take yi a Katsina. Da Sallar bana take ba ni labarin wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, maikro-RNA, da zuciya ke zubowa cikin jini idan namanta ya fara mutuwa. Wai ana kan bincike, ko za a riƙa gane ciwon da wuri da su, wataƙila har magani ya fito ta nan. Sai ta ce, "Ko a lokacin akwai wani gwajin, Baffa. Matsalar dai Baba farat ɗaya ya faɗi."

Ni na gaya wa iyalinsa haka.

Da Yaya zai ji cewa jini yana ba da labarin zuciya, ba zai yi mamaki ba. Shi ya tsaya kai da fata sai yarinyar nan ta yi boko, ina cewa ɓata lokaci ne. Ajali na Allah ne, na sani. Amma mashin ɗin nawa ne, kuma da mai a cikinsa.

Gonar an raba, shanun an kore. Abin da ya rage nasa ke ce, Hadiza, kuma na san jaridar nan tana zuwa hannunki. Babanki ya nemi asibiti da bakinsa, ni na hana. Ina gida ranar Juma'a. Ki zo ki faɗi duk abin da ke ranki, ba zan katse ki ba.

Allah ya jiƙan Yaya.