Kwalbar Kifin Babana

A daminar bana mahaifina, Malam Sambo masunci, ya cika shekara sittin da bakwai da rasuwa. Ya tafi tun Turawa suna mulki, ina 'yar shekara goma sha uku. Yau na ninka shekarunsa, amma idan na tuna shi sai in koma yarinya.

Watannin baya ɗana ya kai ni ganin likita a wani birni na bakin teku. Da na ji sauƙi, ya turo ni a keken marasa lafiya zuwa wani gida da ake ajiye halittun teku a bayan gilashi. Muna shiga na ce ya tsaya. Na san irin wurin nan tun kafin in zo, daga bakin Baba.

Ƙauyenmu yana ta wajen Gayam, a ƙasar Birnin Gwari, daji ta gabas, rafi ta yamma. Ina goye aka aiko wa dagaci cewa Turawa na son samari don yaƙin Bama. Aka ɗauki Baba da ƙanensa Isa. Baba kaɗai ya dawo. Bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. In aka tambaye shi sai ya jawo taru ya hau gyara. Labari ɗaya yake bayarwa: wai jirgin ruwansu ya tsaya a wani birni, aka bar su yawo, suka shiga gidan kifi. Ya ga kifi mai faɗi kamar tabarma yana shawagi, da wani abu mai hannuwa takwas, da kunkuru da ya kai turmi. Mutane su yi dariya, su ce soja ya dawo da zuƙi ta malle. Shi ma ya yi murmushi.

Wata shekara bayan kaka ya tafi Funtuwa sayar da busasshen kifi, ya dawo da ƙatuwar kwalba mai faɗin baki, irin wadda 'yan kanti ke zuba alewa. A ka ya ɗauko ta, cikin kwando da ciyawa. Ya cika ta da ruwan rafi, ya zuba yashi da 'yan karfasa, ya ɗora a kan kututture a tsakar gida.

"Durƙusa, Uwani," ya ce mini. "Kada ki leƙa ta sama. Ta gefe ake kallo."

Duk rayuwata kifi a tukunya na san shi, ko a kan tsinke. Ran nan na gan shi yana numfashi, yana juya ido, yana zaune a gidansa. Matan Fulani masu tallar nono suka riƙa sauke ƙwarya a ƙofarmu suna neman a nuna musu. Innata kuwa mita take yi, wai ɗiban ruwan mutane bai ishe ta ba, an ƙara mata na kifi. Duk da haka ita ke canja ruwan. In 'yan kifin suka fara girma, Baba ya mayar da su rafi ya kamo wasu. Da la'asar yakan zauna gaban kwalbar ya daɗe yana kallon kifin.

Zazzaɓi ya kwantar da shi cikin damina, bai tashi ba. Bayan sadakar arba'in na ga Inna ta wanke kwalbar tana kuka. Na tambaye ta me ya sa Baba ya so abin nan haka.

"Ba shi kaɗai ya shiga gidan kifin ba," in ji ta. "Da Isa suka shiga. Isa ya manna fuska a gilashi yana ta dariya, yana cewa wa zai yarda da su a gida. Daga nan aka raba su runduna. Bai sake ganinsa ba, ko kabarinsa ba a nuna masa ba."

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zamanin nan. Jikokina suna kallon ƙasan teku a waya suna hamma. Wannan zai ba shi dariya. Amma dajin da ya ratsa da kwalba a ka, shi kaɗai ba ko sanda, yau mota ma da fargaba take bi. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyenmu. An ce ciyawa ta rufe maƙabarta, kuma ba mai kai ni. Wannan ban san yadda zan faɗa masa ba.

Bai bar gona mai yawa ba, bai bar hoto ba, kwalbar ma ta fashe a wata ƙaura. Abin da ya bar mini shi ne yadda mutum zai ɗauki rashi bai ɗora wa 'ya'yansa nauyinsa ba. Ya dawo da abin da zai iya cika gidanmu da baƙin ciki, sai ya zaɓi yini ɗaya mai daɗi ya ba mu.

A gidan kifin nan, jama'a na wucewa suna ɗaukar hoto, na ɗaga hannu na yi musu addu'a su biyu, Sambo da Isa, 'ya'yan uwa ɗaya. Ɗana ya sunkuyo ya ce, "Hajiya, ko mu tafi?"

Na ce masa a'a, ya bar ni tukuna. Allah ya haɗa su inda ba a raba runduna.